Kabarin da Mis Idella ke Sharewa

Mis Idella Capers ba ta da sauƙin zama, kuma ko a gabanta na sha faɗar haka. Tun ina amarya muke maƙwabtaka a Tolers Neck, shingen waya ne kawai tsakaninmu. Ta kan wannan shingen ta koya mini dafa jar shinkafa, ta kansa kuma ta gaya mini mijina malalaci ne tun kafin in gano da kaina. Doguwa ce, baƙa wulik, mai faɗin kafaɗa. Hannuwanta duk tabo, don a rumfar ɓare ƙaguwa ta bakin kogi ta ƙarar da ƙarfinta, tsaye a kan siminti mai sanyi ita da sauran matan garinmu, suna cire tsoka suna rera waƙoƙin coci. Ta yi aure sau ɗaya. Mutumin ya tafi New York neman aiki, ya manta hanyar gida. Ba ta haihu ba, ba ta kuma ƙara sauraron wani namiji ba. Amma da wuya ka sami wanda ya tashi a layinmu bai taɓa shan duka da ludayinta ba, sannan ya zauna yana shessheƙa ya cinye abin da ta zuba masa.

Abu ɗaya take so a duniya, kuma babu wanda bai san shi ba, daga fasto har mai kawo wasiƙu.

"Idan na mutu, kusa da Mama za ku sa ni," in ji ta. "Duk wanda ya kai ni sabuwar maƙabartar nan mai duwatsu kamar haƙoran roba, na rantse sai na dawo na ja masa yatsan ƙafa."

Mahaifiyarta, Pearlie, ta rasu Idella tana ƙarama, ko makaranta ba ta shiga ba. Uban bai jima ba ya bi jirgin kamun jatan lande ya ɓace, aka bar yarinya a hannun yayarsa, Anti Tansy. An ce yarinyar ta ƙi ci ta ƙi sha, kullum tana bakin ƙofa tana kiran Mama. Rannan Anti Tansy ta kama hannunta, ta kai ta tsohuwar maƙabarta da ke cikin kurmi bayan coci, ta nuna mata wani tudu da aka jera wa fararen bawon dodon koɗi na teku, da fasasshen kofi a tsakiya. Ta ce mata, "Ga Mamanki nan. Duk lokacin da kika so, ki zo ki yi mata shara." Daga ranar yarinya ta fara cin abinci.

To, sharar nan ita ce ba ta bari ba har ta tsufa. Mutanenmu na da ba su da kuɗin dutse mai rubutu. Abin da mamaci ya sha ruwa da shi na ƙarshe, ko farantinsa, ko fitilarsa, shi ake fasawa a ɗora masa, don mutuwa ta tsaya a nan kada ta bi sauran 'yan gida. Kabari kuma ba a barin ciyawa a kansa, kankare shi ake yi da fartanya har ƙasa ta fito tas. Da coci ya buɗe sabuwar maƙabarta, mutane suka yi ta mutuwa can, masu zuwa kurmi suka ragu, suka ragu, har kurmi ya haɗiye wurin. Tudu ɗaya ne kawai ya rage a fili, fes, kamar tsakar gidan mace mai tsabta.

Da gwiwoyinta suka fara gardama, ni na zama direbanta. Dama tuƙi ne aikina, motar 'yan makaranta na ja har na yi ritaya. Duk Asabar sai in ji ta tana buga shinge da ƙotar fartanya.

"Loretha! Kin mutu ne ko barci kike?"

"Mis Idella, ko kofi ba ki bari mutum ya sha?"

"Ki sha a hanya. Jikin nan naki ko wata ɗaya ya yi ba kofi ba abin da zai same shi."

Ina zaune a kan kututture ina korar sauro, ita tana kankara tana ba Mamanta labarin gari: wa ya yi aure, wa ya sha giya ya faɗa kwata, wace ce ta zo coci da siket da bai kai gwiwa ba. In ta gama sai ta auna gefen tudun da ƙafa, ta ce, "Ga wurina nan. Kin gani ko? Kada ki ce ban nuna miki ba."

Ana nan sai Shavonne Polite ta dawo gida. Shavonne 'yar garinmu ce, ni na riƙa kai ta makaranta, kuma ita ce yarinyar da ta fi kowa yi mini amai a mota. Ta yi karatu mai zurfi a Atlanta, ta bar aiki mai kyau, ta dawo ta haɗa kai da wasu tsofaffin malamai suka kafa ƙungiya a tsohon shagon aski na bakin hanya. Suka sa mata suna Mu Faɗa da Bakinmu. Ba riba suke nema ba, ko fanka mai kyau ba su da ita. Aikinsu shi ne su zauna da tsofaffi su ɗauki muryarsu, su bi gonakin shinkafa na da inda kakanninmu suka yi bauta, su gano me ya faru da gaske. Don abin da aka rubuta a allunan bakin titi, kai, in ka karanta sai ka ɗauka kakanninmu hutu suka zo yi. Wani allo a tsallaken kogi, a tsohuwar gonar Ashwell, inda yanzu masu kuɗi ke buga ƙwallon golf, cewa ya yi wai "ma'aikatan gona" sun zauna a nan cikin kwanciyar hankali, kuma an kwashe kaburburansu cikin mutunci an mayar wani wuri. Wane wuri? Allon bai ce ba.

Mis Idella ta so ƙungiyar nan tun ranar farko. Ita ce ta fara zama gaban na'urarsu, ta yi magana har batir ya mutu. Duk Laraba tana aika musu da tukunyar miyar kuɓewa. Saboda haka da Shavonne ta ce sun samo wani malamin jami'a mai na'urar da ke ganin ƙarƙashin ƙasa, zai zo ya gano kaburburan kurmi don hukuma ta san maƙabarta ce kada wani ya zo ya gina gidaje a kai, Mis Idella har rawa ta taka a baranda.

Ranar da aka zo, rabin gari ya fito da adduna. Aka sare kurmi, aka share. Na'urar kamar injin yankan ciyawa take, mutumin yana turawa a hankali yana kallon allo, duk inda ya ga kabari sai a kafa 'yar tuta a kai da ƙafa. Kafin azahar wurin ya cika da tutoci. Wasu tun suna yara suke farautar zomo a nan, ba su san a kan kakanninsu suke gudu ba. Mis Idella tana zaune a kujerar roba da hular cocinta, tana jira a zo kan nata.

Da aka zo, mutumin ya tura ya dawo, ya sake turawa. Ya kira Shavonne, suka duƙa a kan allon suna magana ƙasa-ƙasa. Sannan ya kafa tuta ɗaya, ya kafa ta biyu. Tsakaninsu bai fi tsawon hannuna ba.

"Ɗan nan, ka matsar da ta ƙafar," in ji Mis Idella. "Mama doguwa ce, ni na gado ta."

Shavonne ta zo ta tsuguna a gabanta.

"Mis Idella, ramin da ke ƙarƙashin nan gajere ne. Na jariri ne."

"A sake dubawa."

"An duba sau uku. Gefe da gefe ma babu kowa kusa. Ba babban mutum ba ne a nan, Mis Idella. Ki yi haƙuri."

Tsohuwar ta dubi tudun, ta dubi tutocin. Ta miƙe da kanta, ta ƙi hannun kowa, ta nufi mota. Fartanyar ma a nan ta bar ta, ni na koma na ɗauko.

Kai, ranar na yi fushi irin wanda ban taɓa yi ba. Ina sauke ta na juya mota sai shagon aski. Na sami Shavonne tana sauke kaya, na tsaya a ƙofa na riƙe ƙugu.

"Ke, zo nan. Abin da suka koya miki a Atlanta ke nan? Ki tsaya gaban jama'a ki ƙwace wa tsohuwa uwarta? Me zai ci ki in kin ce wa mutumin nan ya matsar da tuta taku biyu? Wa zai sani?"

"Ni zan sani, Anti Loretha."

"Ke za ki sani! To gaskiyar taki ita za ta kwanta kusa da ita a kabari? Matar nan ba miji, ba ɗa, ba jika. Tudun nan kaɗai gare ta!"

Hawaye suka zubo mata, amma ba ta sunkuyar da kai ba. Ta ce, "Na yi kuskure da na faɗa a gaban mutane, wannan na yarda. Amma in na matsar da tuta, me ya raba ni da masu allon Ashwell? Su ma don kada ran kowa ya ɓaci suka rubuta nasu. Kuma in Mamanta ba ta nan, ai tana wani wuri. Ban gama ba, Anti."

Na ce mata ta gama da ni dai, na buga ƙofa har ƙaramin gilashinta ya tsage. Har yau tsagin yana nan, sun ƙi gyarawa don su riƙa tsokanata.

Watannin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Asabar ta zo ta wuce, babu mai buga mini shinge. Na riƙa tashi da wuri in zauna da kofina ina jira a zage ni, shiru. Mis Idella ta daina dafa abinci mai yawa. A coci tana zama a kujerarta, amma ba ta ɗaga murya. Ta rame, rigunanta suka yi mata yawa. Rannan na kai mata kifi, ta dube ni ta ce, "Loretha, shekara saba'in da wani abu ina ba ɗan wasu labarin gari. To yanzu ina za ku sa ni?" Na koma gida na zauna a kicin na yi kuka, ina zagin Shavonne da malamin jami'a da injinsa.

Ita kuwa Shavonne ashe ba ta zauna ba. Duk tsohon da ya rage mai numfashi a yankinmu ta je wurinsa, har gidajen kula da tsofaffi, tana tambaya ɗaya: wa ya san Pearlie? Yawanci sun mutu, wasu sun rikice. Sai wani ya tuna cewa Pearlie ba 'yar Tolers Neck ba ce, daga tsallake aka auro ta. Daga nan aka bi dangi, aka bi, har aka samo wata Mis Zenobia Fripp, 'yar ƙanwar Pearlie... a'a, 'yar yayarta, don ta girmi Idella da kusan shekara goma. Tun tana budurwa ta tafi Philadelphia, sai da tsufa ya kama ta 'yarta ta dawo da ita wani gari kusa da mu.

Shavonne ba ta je wurin Mis Idella kai tsaye ba, wurina ta zo. Ta tsaya a barandata tana murza hannu.

"Anti Loretha, har yanzu kina fushi?"

"Ina yi. Me ya kawo ki?"

"Mota nake so, mu kai Mis Idella wurin Mis Zenobia. Da kuma ke, don in na je ni kaɗai ba za ta buɗe mini ƙofa ba."

Mis Zenobia 'yar ƙaramar tsohuwa ce a keken guragu, ido ya tafi amma baki yana nan garau. Da aka ce mata ga Idella, sai ta miƙa hannu ta shafa fuskarta, ta shafa kafaɗa, ta yi ta hawa sama.

"Yesu na! Tsawon Anti Pearlie sak. Ke ce mai cizon mutane? Kin cije ni a nan ranar jana'iza, da na riƙe ki kada ki bi jirgi."

"Wane jirgi?" in ji Mis Idella.

"Jirgin da ya kai Mamanki gida mana. Au, ba ki tuna ba? To ina za ki tuna, kina ta birgima a cikin taɓo."

Sai ta ba mu labari, tana yi tana tsayawa ta sha ruwa. Wajen haihuwa Pearlie ta rasu. A lokacin mace in ta mutu ba a binne ta a garin miji, komai daɗewarta a can. Gida ake mayar da ita, wurin da aka binne cibiyarta, ta kwanta cikin danginta. Saboda haka aka sa ta a kwalekwale aka tsallaka da ita Ashwell. Jaririn kuwa namiji ne, ya rayu bayanta 'yan kwanaki, ana ɗiga masa ruwan sukari, sannan ya bi ta. Shi ɗan gidan ubansa ne, aka binne shi a Tolers Neck. Ko suna ba a kai ga sa masa ba, kuma a zamanin ba a yi wa yara maganar jaririn da ya koma.

"Kofin da aka ɗora masa na Anti Pearlie ne," in ji ta. "Da shi ake ba shi ruwan."

"To don me ba a taɓa kai ni wurinta ba?"

"Ta ina, 'yar nan? Ba a rufa shekara ba wasu masu kuɗi daga arewa suka sayi Ashwell don farautar agwagwa. Suka kore mu, suka ja waya, suka sa mai gadi da karnuka. Kawuna ya je share kabarin uwarsa aka kama shi wai ɓarawo ne. Mamanki ce ta ƙarshe da muka binne a can. Ni da idona na gani, a ƙarshen layi, wajen ruwa. Bayanta ba a ƙara sa kowa ba."

Ni ina jira Mis Idella ta fara zagin Anti Tansy, don na san bakinta, har na shirya taya ta. Sai ta ce a hankali, "Ina da ƙane." Ta sake faɗa, kamar tana ɗanɗana miya. "Ina da ƙane, Loretha."

A hanyar dawowa na kasa haƙuri, na ce, "Amma Anti Tansy ta iya ƙarya."

"Rufe mini baki ki kalli hanya," in ji ta. "Matar nan ta ga yarinya za ta mutu da yunwa, ga uwa a bayan waya da karnuka. Me kike so ta yi? Kuma da ba ta nuna mini wurin ba, wa zai share wa yaron nan? Da tuni kurmi ya cinye shi kamar sauran. Allah ya ji ƙan Tansy." Ta juya baya inda Shavonne ta takure. "Ke kuma, ranar Laraba ki turo a ɗauki miya. Kin rame kamar ba 'yar mutane ba."

Shiga Ashwell bai zo da sauƙi ba. Masu wurin suka ce babu wata maƙabarta, ga allo ya faɗa. Ƙungiyar ta samo lauya mai aikin sa kai, ta kai muryar Mis Zenobia, ta tara jikokin mutanen Ashwell daga ko'ina, har wani ya taho daga Detroit. Aka yi ta ja har suka gaji suka buɗe ƙofa. Wurin wani ɗan kurmi ne a bakin kogi, tsakiyar ciyawar nan tasu mai laushi, inda ƙwallayensu ke ɓacewa. Muna ɗaga busasshen ganye sai ga fasassun faranti, ga gindin fitila, ga bawon dodon koɗi sun yi kore. Na'ura ta bi, tutoci suka tashi layi-layi. Ko mutum ɗaya ba a taɓa kwashewa ba. Suna nan inda aka bar su, ana ta buga ƙwallo a gefensu.

A ƙarshen layi, wajen ruwa, aka kafa tuta biyu masu nisa da juna. Shavonne ta kama hannun Mis Idella ta kai ta.

"Ba zan rantse miki ba," ta ce. "Babu suna a ƙasa. Abin da na sani shi ne, wannan ne na ƙarshe a layi, yana wajen ruwa kamar yadda Mis Zenobia ta ce, kuma mai shi dogo ne. Bayansa fili ne, babu kowa."

"Ke dai ba kya iya cewa e kawai, ko?"

"Ba na iyawa, Mis Idella."

"Shi ya sa na yarda da ke."

Mis Idella ta sa na riƙe mata sanda, ta durƙusa da gwiwoyin nan nata masu ciwo, ta dafa ƙasa da tafin hannu biyu. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Mama, ni ce Idella. Na yi latti." Ni ce na yi kukan, da ni da wani ƙaton mai gadi da ya rako mu, ya juya baya yana share ido da hularsa.

Na ɗauka magana ta ƙare ke nan: ga uwa, ga fili a gefenta. Masu wurin ma suka sauke allonsu, ƙungiyar ta rubuta sabo mai sunan bayi a matsayin bayi, da sunayen iyalan da ke kwance a wurin. Amma Asabar na zagayowa sai na ji ana buga shinge. Kurmin bayan coci muka koma. Ta kankare ɗan tudun, ta gyara bawon, ta zauna, ba labarin gari.

"Loretha, na shiga uku," ta ce. "In na tafi wurin Mama, wa zan bar wa wannan? Uban ya gudu, Tansy tana sabuwar maƙabarta, gefensa babu kowa. Tun yana kwana nawa a duniya ni kaɗai ya sani. In kuma na kwanta nan, Mama fa? Na jira ta tun ina cizon mutane."

Na ce zan riƙa share masa. Ta kalle ni sama da ƙasa.

"Ke? Ke da ko gindin murhunki ba kya sharewa?"

Haka ta yi ta juya abin a ranta har likita ya ce zuciyarta ta gaji. Rannan ta sa na kira Shavonne, muka zauna a bakin gadonta. Ta ce ta gama tunani.

"Yaron nan ba nawa ba ne, riƙo aka ba ni. Uwarsa ko sau ɗaya ba ta ɗauke shi ba. In kun tashi kai ni, ku haɗa ni da shi in kai mata abinta. Doka za ta yarda?"

Shavonne ta ce ba ta sani ba, amma za ta bincika. Mis Idella ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce, "Kin ji ta ko? Ko a bakin mutuwa ba za ta ce mini e ba."

Ta bincika kuwa. Ta yi ta zirga-zirga tsakanin ofisoshi da fasto da masu filin golf, har aka ba da izini tun tsohuwar tana da rai, ta ji da kunnenta. Bayan bikin Ista kaɗan Mis Idella ta rasu a gadonta, da rana tsaka, rediyo yana kunne.

Dattawan coci ne suka buɗe ɗan kabarin, da hannu da ƙananan cebur. Babu abin da ya rage sai baƙar ƙasa mai laushi, daidai tsawon jariri. Suka kwashe ta duka a wani ɗan akwatin katako da kafintan cocinmu ya yi, aka naɗe shi da farin zane. Ni na sa wa Mis Idella shi a hannun hagu, na lanƙwasa hannun a kai yadda ake riƙe jariri. Hannun nan mai tabo da ya goyi 'ya'yan kowa. Na gode wa Allah da ya bar ni na ga wannan, na kuma gode wa yarinyar da na zaga a shagon aski. Da ta ji maganata ta matsar da tutar nan, da mun binne Mis Idella cikin ƙarya, uwarta kuma tana can ana buga ƙwallo a gefenta har abada. Na gaya mata haka a gaban mutane, tunda a bakin titi na zage ta.

Akwai gada yanzu, amma ba mu bi ta gada ba. Jirgin jatan lande na jikan wata ƙawarta ne ya ɗauke ta, sauran jirage suka biyo baya cike da mutane, muna waƙa har tsallake. Masu golf suka tsaya da sandunansu, wasu suka cire hula.

A bakin kurmin masu ɗauke da akwati suka tsaya, don a wurinmu ba a shiga da gawa sai an nemi izinin waɗanda suka riga kwanciya. Babba a dangi ke yin magana. Aka turo keken Mis Zenobia gaba. Ta ɗaga 'yar muryarta, ta ce, "'Yan uwa, mun zo. Ku ba mu hanya." Ta ɗan tsaya ta huta, sannan ta juya fuskarta wajen ruwa.

"Anti Pearlie, ga Idella mun kawo miki, ta girma har ta tsufa. Ki duba hannunta, ta taho miki da yaron."